Altaneta ta uku ta sake mutuwa? Ga yadda ake gano abin da ke kashe ta

Wata safiya cikin Disamba, irin sanyin nan na Jos da sai ka hura hannu kafin ka iya riƙe sifana, wani Alhaji ya shigo garejinmu a Farin Gada da Honda Accord ƙirar 2009 mai silinda shida. A bayan motar akwai matattun altaneta biyu cikin buhu (altaneta ita ce na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki), ta uku tana jiki, fitilar batir kuma ta sake kamawa a dashbod. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, na gaji. Kayan Beljiyam ɗin nan duk sun lalace ne?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari mu tambayi motar tukuna."

Da na ɗaga bonet na haska tocila, sai ga altanetar jiƙe sharkaf da baƙin mai, ƙura ta manne mata kamar an shafa kwalta. A wannan injin akwai wani bawul da ke zaune daidai samanta, idan fakin ɗinsa, wato robar da ke hana mai yoyo, ya bushe sai mai ya riƙa ɗiga kai tsaye cikinta. Mai ya shiga, ya jiƙa kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikinta, ya toshe hanyar iska, ta yi zafi ta ƙone. Sau biyu ana canza wadda aka kashe, mai kisan yana nan zaune. A shekarun da na yi ina aikin riwaya, da wuya na ga altaneta ta mutu sau biyu a jere ba tare da wani abu a jikin motar yana cin ta ba. Shi ya sa duk wanda ya zo min da irin wannan, ba na taɓa noti ko ɗaya sai na yi gwaji.

Abin da kake bukata mita ce, irin ƙaramar nan mai waya ja da baƙa. Da ita za ka yi kusan komai.

Ka fara da batir, mota a kashe, gara ma da safe kafin a tayar da ita. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6. Idan ka ga 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya zube. Sai ka sa wani ya murza makulli kana kallon mita: idan lambar ta faɗo ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa, batirin ya gaji. Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Batir da ya daina riƙe wuta kamar tulu ne mai huda, altaneta za ta yi ta ɗura masa da iyakar ƙarfinta tun daga Terminus har Bukuru ba ta huta ba. Aikinta ta mayar da ɗan abin da kik ya ci, ta kuma ciyar da fitilu da sauran kaya. Ba a ƙera ta don ta tayar da mataccen batir ba. Idan ka ɗaura sabuwar altaneta kan tsohon batir, ka sa mata ranar mutuwa. A nan Jos abin ya fi fitowa lokacin hunturu, domin sanyi yana rage ƙarfin batir, wanda yake lallaɓawa da bazara sai asirinsa ya tonu.

Yanzu ka tayar da mota. Mita a kan batir ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 zuwa 14.7. Ka kunna fitilun gaba da esi, ka ɗan taka totur, ka ga ko za ta tsaya sama da 13.5. Idan ta haura 15, regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar altaneta, ta saki, tana dafa batir ne; za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kwan fitila kuma ya riƙa ƙonewa a kai a kai. Amma masu Honda su lura: motocinsu da yawa suna rage caji da gangan idan babu kaya a kunne, sai ka ga sha biyu da ɗoriya. Kunna fitila kawai, ta koma 14. Na ga lafiyayyun altaneta da aka cire saboda rashin sanin wannan, kuma abin yana ba ni takaici.

Gwajin da na fi so in koya wa yarana shi ne na waya, domin shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa. Mota tana aiki, fitilu a kunne. Ka ɗora jan bakin mita kan babban notin da ke bayan altaneta, baƙin kuma kan tamina mai alamar ƙari a batir. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Bai kamata ya wuce 0.5 ba, kuma ni da na ga ya kai 0.3 na fara zargi. Sai ka koma ɓangaren at, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota: baki ɗaya a jikin altaneta, ɗayan a tamina mai alamar ragi. Nan kada ya wuce 0.2. Idan ya wuce, ka bi wayar da ta taso daga batir zuwa bodi, da wadda ta haɗa inji da bodi. Sau da yawa bayan an sauke inji ko giya, ana manta mayar da wannan ta biyun, ko a ɗaure ta kan fenti da tsatsa. Akwai wata Golf 3 ta haya da ke bin hanyar Bauchi, ta cinye altaneta biyu. Da na yanka robar babbar wayarta, tagullar ciki ta zama kore tana marmashewa a hannu kamar garin kuka, alhali daga waje fes take. Waya muka canza, muka goge kawunan batir da ruwan zafi da samfefa, maganar ta ƙare.

Tunda na ambaci Golf: a tsofaffin motoci irinta, ɗan kwan fitilar batir na dashbod shi ne yake ba altaneta wutar farko da take fara caji da ita. Ka murza makulli ba tare da ka tayar ba. Idan fitilar ba ta kama ba, ka duba kwan da fis kafin komai.

Dayod kuma, wato ƙananan abubuwan da ke cikin altaneta masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ka juya mita zuwa ma'aunin da aka rubuta AC (ba esin mota ba), ka auna a kan batir mota tana aiki. Idan ka ga ya kai 0.5, ɗaya ko biyu sun ƙone. Dayod da ya lalace yana iya zuƙe batir cikin dare, ka kwanta mota lafiya ka tashi ko ƙyas. Don tabbatarwa, ka kashe komai, ka cire tamina ta ragi, ka sa mita tsakani a ma'aunin amfiya, ka jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Abin da take sha bai kamata ya wuce 0.05 ba. Idan ya yi yawa, ka zare wayoyin altaneta. In ya sauka, ka kama ɓarawon.

To me ke ƙona dayod? Nan zan roƙe ku, don Allah, ku daina cire kan batir mota tana aiki wai don a ga ko tana caji. Na san haka muka taso muka ga ana yi, kuma a zamanin motocin kafireto ana tsira. Batir shi ne yake shanye tsallen wuta. Da ka cire shi, wutar tana iya yin tsalle ta wuce abin da dayod da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, za su ɗauka, gwajin minti ɗaya ya jawo maka sayen ƙwaƙwalwa. Haka nan haɗa wayar jan wuta a juye, ko da na ƙiftawar ido ne, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da fesa wa inji ruwa mai ƙarfi yana da zafi a wurin wanki. Sai kuma al'adar ɗora mataccen batirin gida a mota don ya yi caji saboda rashin wutar NEPA. Na fahimci halin da ake ciki, amma kuɗin mai caji bai kai kuɗin altaneta ba.

Fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta, ba ya bukatar dogon bayani. Idan ya saki, za ka ji ƙara da safe, caji ya ragu. Idan aka ɗaure shi tamau, boris ɗin altaneta ne zai tafi, ka ji tana gurnani. Ka duba ko fuli ya zauna daidai layi da sauran.

Idan duk wannan ya fita lafiya kuma lallai sai an saya, ka tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan mota a Jos, da tsohuwar a hannu. Ka gwada soket da soket, domin akwai mai baki uku, akwai mai huɗu, kuma yanka waya a yi dabara yana hana ƙwaƙwalwar mota magana da regileta. Ka karanta amfiya da ke rubuce a jiki: idan motar ta zo da 100, kada ka yarda da 70 don ta fi araha, balle in ka ƙara manyan lasifika da ƙarin fitilu. Sau da yawa ma ba sai an saya ba. In kabon ne ya cinye ko regileta, ana canza su, asalin altanetar da motar ta zo da ita ta ci gaba da aiki.

Shi Alhaji, fakin ɗin bawul muka fara canzawa, muka wanke wurin tas, muka bar injin yana silo kusan awa ɗaya muna leƙawa ko mai zai sake tsattsafowa. Da muka ga wurin a bushe, muka kai batirinsa aka yi masa caji har ya cika, sannan muka buɗe ɗaya daga cikin biyun da ke buhu, muka wanke ta, muka sa sabon kabon da regileta. Na ɗora mita, na kira shi ya zo ya gani da idonsa: 14.2, fitilu da esi duk a kunne. Na ce ya dawo bayan sati biyu mu sake haska wurin da tocila.