Darasi na Tara: Sana'ar Haɗa Firam ɗin Hoto da Takardu

Da wuya mutum ya shiga ɗakin baƙi a garuruwanmu bai ga wani abu rataye a bango cikin gilashi ba, ko hoton aure, ko takardar shaidar kammala makaranta, ko Ayatul Kursiyyu da wani malami ya rubuta da hannunsa ya ƙawata ta da zayyana. Wanda ya yanka katakon, ya auna gilashin, ya rufe bayan, shi ne mai haɗa firam. Na fi shekara 30 a wannan sana'a, tun ina yaron shago wajen wani kafinta ina share masa garin katako, kuma abin da na daɗe kafin in fahimta shi ne, mai kawo aiki ba katako ya zo saya ba, amanar abin da ba shi da na biyunsa ya kawo maka.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar zarto mai ƙananan haƙora, da tef na awo, da ƙaramar guduma, da siraran ƙusoshi, da farin gam na katako, da samfefa, da reza mai kaifi, da abin yankan gilashi. Sai kuma ɗan akwatin katako mai tsaga wadda take riƙe zarto a kan digiri 45, domin kowace kusurwar firam yanka biyu ne masu digiri 45 suke haɗuwa su ba da 90. Katako kuwa sai busasshe, madaci ne ko waninsa, saboda ɗanye yakan tsuke idan hunturu ya shigo, kusurwa ta buɗe baki.

Awo shi ne rabin aikin, don haka bari mu yi lissafin tare. A ce an kawo takardar shaida mai girman A4, wato faɗi santimita 21, tsawo santimita 29.7. Za mu zagaye ta da kwali mai kauri wanda aka yanke wa taga a tsakiya, faɗin kwalin santimita 5 a kowane gefe. Idan muka ƙara 10 a faɗi muka ƙara 10 a tsawo, mun sami 31 da 39.7, wanda za mu cike shi 40, mu bar rarar a gefen ƙasa, domin ido ya fi natsuwa idan ƙasan ya ɗan fi saman faɗi. Tagar kuma a yanke ta ƙasa da girman takardar da milimita 3 a kowane gefe, don kwalin ya danne bakinta. Yanzu katako nawa za mu saya? Mu haɗa 31 da 40, mu sami 71, mu ninka biyu, ya zama 142. A nan sababbin shiga suke yin asara, domin sukan manta cewa kowane yankan kusurwa yana cin tsawo daidai da faɗin katakon, kuma yanka takwas ne. Idan faɗin katakon santimita 3 ne, sai a ƙara 24, jimla 166. Mai hankali zai sayi mita 2, saboda zarto ma yana da nasa rabon. A kuma bar sararin milimita 2 ko 3 a cikin gurbin da gilashi zai zauna, kada ya matse.

Gilashi mai kaurin milimita 2 ya isa ƙaramin firam, kuma daidai girman kwalin ake yanka shi. Ana jan abin yanka sau ɗaya tak, sannan a karya a bakin tebur. Wanda ya maimaita ja a kan layi ɗaya zai ɓata gilashin da abin yankan duka.

Kwalin nan da muka auna ba don ado kaɗai aka sa shi ba. Aikinsa shi ne ya hana takarda ko hoto taɓa gilashi. Da damina danshi yakan taru a cikin gilashi, hoton da ya jingina da shi ya manne, ranar da aka zo cirewa fuskar mutum ta zauna a jikin gilashin. Rubutun hannu ya fi haɗari, domin tawadarmu ta gargajiya da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, kuma ruwa kaɗan ya isa ya narkar da ita. Idan ayar Alƙur'ani aka kawo, ban da wannan kulawa akwai ladabi: a share tebur, a tsarkake hannu, kada a ajiye ta a ƙasa ko a ɗora mata kayan aiki.

A shekarata ta biyu da buɗe shago, wani bawan Allah ya kawo mini takardar shaidarsa ta horon malanta. Don in ga ta miƙe sumul, sai na shafe bayanta da gam na manna ta a jikin falanki. Bayan damina biyu ya dawo yana so a ciro ta, za a tantance takardunsa a wurin aiki. Na sa reza a hankali, amma takardar ta yage daidai kan hatimi. Bai ɗaga mini murya ba, ya dai daɗe yana kallonta a hannunsa, kuma har yau ina jin nauyin wannan shirun. Tun daga ranar ban sake yi wa kayan mutum abin da ba za a iya warwarewa ba. Takarda ana riƙe ta ne daga sama kawai, da 'yan siraran takardu biyu da aka shafa wa kokon sitaci, a bar ƙasanta sake don ta miƙe ta tsuke yadda yanayi ya so. Salatif kuwa a guje shi, domin da daɗewa yakan bar tabon ruwan ɗorawa da ba ya fita.

Idan an rufe baya da falanki, a like gefunan da takarda mai ƙarfi saboda ƙurar hunturu da ƙwari, a manna ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa tsakanin firam da bango. A gaya wa mai kaya kada ya rataye shi inda rana take bugawa, domin hasken rana yana koɗar da launi.

Masu aikin hannu a gida ma suna da rabo a nan. Matar da ta iya ɗinkin ado a kan ƙyalle, ko saurayin da yake zane, idan suka koyi sa aikinsu a firam, darajarsa a idon mai saye takan ƙaru. Ƙyalle dai ba a shafa masa gam. Ana ja shi a kan kwali, a ɗinke gefunansa ta baya da zare.

Aikin da za ku zo da shi aji na gaba: an kawo hoto mai faɗin santimita 20 da tsawon 25, kwalinsa santimita 4 ne a kowane gefe, faɗin katakon kuma santimita 2. Ku rubuta girman gilashin da za a yanka, da tsawon katakon da ake bukata.