Allurar haƙori mai adirenalin da masu ciwon zuciya: kurakuran da ake ta maimaitawa

Da zarar majinyaci ya ce yana da ciwon zuciya, sai ka ga sabon likitan haƙori ya ture allurar da ke da adirenalin gefe, ya ɗauko lidoken zalla, wato maganin kashe zafin ba tare da adirenalin ba, shi a dole ya yi taka-tsantsan. Wannan kuskuren ya fi kowanne gundurata, don gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Lidoken zalla buɗa jijiyoyin jini yake yi, jini ya kwashe shi nan da nan. Da ƙyar yake riƙe cikin haƙori minti 5 zuwa 10, alhali mai adirenalin, da yake adirenalin tsuke jijiyoyin jini yake yi, yakan kai kusan awa guda. Kana tsakiyar cire haƙori magani ya saki, mutum ya damƙe hannun kujera, gumi ya karyo masa a goshi. A wannan lokacin adirenalin ɗin da jikinsa ke kwararowa saboda zafi da tsoro yana iya zarce ɗan abin da kake gudu a kwalba nesa ba kusa ba. Wanda ciwonsa ya lafa, yana shan maganinsa, a yi masa mai adirenalin, amma da ƙidaya.

Ƙidayar ce kuma aka raina. 'Yar kwalba mai mililita 1.8 ta haɗin 1:100,000 (wato kashi ɗaya na adirenalin cikin kashi dubu ɗari na ruwan maganin) tana ɗauke da miligiram 0.018 na adirenalin. Iyakar da aka saba bi ga mai ciwon zuciya ita ce miligiram 0.04 a zama ɗaya, wato kwalba biyu, yayin da lafiyayye zai iya ɗaukar har 0.2. Amma "kwalba biyu" ba karatun hadda ba ne, ku duba abin da ke rubuce a jikinta! In haɗin 1:80,000 ne a kwalba mai mililita 2.2, guda ɗaya ta kai 0.0275, biyu sun tsallake iyaka. Na 1:200,000 a kwalba mai mililita 1.8 yana ba da damar huɗu. Na 1:50,000 kuwa ku bar shi a durowa. Ni dai biyu kacal nake ɗorawa a faranti, kuma wadda ta ƙare ba a ɗauke ta sai an gama aiki, don ido ya riƙa gani.

Sai masu gaggawa. Ka soka allura, ba ka ja baya ka ga ko jini zai shigo kwalbar ba, ka danna gaba ɗaya cikin daƙiƙa goma, sa'an nan ka tsaya kana mamakin yadda zuciyar bawan Allah ke dukan uku-uku. Wa ya aike ka? A allurar kashe jijiyar muƙamuƙin ƙasa, kusan sau ɗaya cikin goma tsinin yana faɗawa jijiyar jini. A ja baya, a ɗan juya sirinjin a sake ja, sannan a tura a hankali, aƙalla minti ɗaya kowace kwalba.

Tambayar "kina shan magani, Hajiya?" ba ta isa ba, a ce ta kawo kwalayen a gani. Mai shan furofiranolol, wani maganin zuciya da hawan jini, adirenalin na iya cilla masa jini sama, bugun zuciya kuma ya yi ƙasa. Na fi son a fara masa da rabin kwalba, a jira minti 5, a sake auna jini da bugu kafin a ƙara. Masu shan amitiriftilin (maganin ciwon damuwa) da digoksin (maganin zuciya) su ma suna bukatar a rage musu adirenalin.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta wuce zaɓen allura, aikin ne za a ɗage sai likitan zuciya ya duba su: jini ya kai 180/110, ciwon ƙirji yana tasowa ko mutum na zaune, bugun zuciya ya rikice ba a daidaita shi ba, ko jijiyar zuciya ta toshe cikin 'yan makonnin da suka wuce. Canza musu zuwa mefibaken kashi 3 zalla, wani maganin kashe zafi marar adirenalin, bai mai da su lafiyayyu ba. Shi wannan na gajeren aiki ne.

Zaren tura dasashi da aka jiƙa da adirenalin, kada ya taɓa bakin mai ciwon zuciya, musamman in dasashin na jini. Kada ku sa mutum ya daina asfirin don za a cire masa haƙori ɗaya. Mai maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe kuma, ya fito da shi daga aljihu ya ajiye kan faranti tun kafin a kwantar da kujera.