Darasi na 7: Tsirrai da Haihuwar Namiji, Abin da Aka Gani a Jikin Ɓeraye

Kafin a ba ɗan Adam sabon magani, masana kan fara gwada shi a jikin fararen ɓeraye da ake kiwo domin bincike, kuma ana irin wannan aiki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato. Idan ana son gane tasirin wani tsiro a kan haihuwar namiji, akan shanya ganye ko 'ya'yan itace, a daka, a jiƙa, a tace, sannan a riƙa ɗura wa kowane ɓera gwargwadon nauyinsa, wasu kuma a ba su ruwa zalla domin a kwatanta. Akan ɗauki kusan wata biyu ana yi, saboda ƙwayar maniyyin ɓera tana bukatar kimanin kwana 50 kafin ta kammala. Daga nan sai a ƙirga ƙwayoyin da madubin likita, a duba ko suna motsi.

Ta haka aka gano cewa 'ya'yan gwanda da ganyen dogon yaro suna rage yawan ƙwayoyin da kuzarinsu, citta kuwa an ga ta ƙara su.

Labarin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne na gurya. A ƙasar Sin an lura cewa haihuwa ta ragu a ƙauyukan da ake girki da ɗanyen man gurya, bincike a kan ɓeraye kuma ya nuna cewa wani sinadari ne a cikinta mai suna gosifol yake hana samuwar maniyyi. A shekarun 1970 aka ba dubban maza shi a matsayin maganin tazarar haihuwa. Ya yi aiki, amma wasu jikinsu ya yi sanyi ƙwarai saboda ƙarancin fotashiyam, wani sinadari da jiki ke bukata, a jini, wasu kuma haihuwar ba ta dawo musu ba ko bayan sun daina sha. Wannan ya shafi makiyayi ma, domin cika wa bajimi ko ragon barbara gurya yana iya raunana irinsa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da ake ɗura masa, idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, ya fi abin da muke ci yawa nesa ba kusa ba, don haka shan gwanda ba abin tsoro ba ne. Abin da ke damuna shi ne jiƙon ƙarfin maza da ake sha kullum ba a san abin da aka haɗa a ciki ba.

Magidancin da ya shekara da iyalinsa ba a sami rabo ba, ya je asibiti a yi masa gwajin maniyyi, ya kuma faɗa wa likita duk jiƙon da yake sha. Idan an ce ya daina, ya yi haƙuri wata uku kafin a sake gwaji, domin ƙwayar ɗan Adam tana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ta kammala.