Ga wanda aka ɗora a kan abokan aikinsa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da aka ba ka shugabanci a wurin aiki, ka rage taɓa aikin da hannunka.

Da aka ɗora ni a kan teloli 6 a shagonmu, na kasa tashi daga kan keke. Duk wuyan rigar da ya karkace sai in karɓa, in farke, in gyara da kaina, wai na fi sauri. Ana saura kwana 4 Sallah na tarar da shadda jibge ko yankawa ba a yi ba, don mai lissafin kayan ya duƙufa a ɗinki. Ni ke nan.

Yanzu da safe littafi nake fara buɗewa: kayan wa, a hannun wa, yaushe za a karɓa. Wanda ya ɓata aiki, in nuna masa sau ɗaya, ya gyara da kansa ko zai kai la'asar.

Gyara kuma a keɓe, musamman ga wanda ya girme ka. Akwai dattijo a cikinmu, har gobe Baba nake ce masa, sai yara sun fita cin abinci nake yi masa maganar aiki.