Yadda ake gano abin da ya sa malejin akori-kura yake ba da lissafin da ba daidai ba

Malejin mota ba ya auna hanya, juyawar taya yake ƙirgawa, sannan ya mayar da ita kilomita bisa girman tayar da kamfani ya tsara wa motar. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya yi rabin aikin, domin sau da yawa malejin lafiyarsa ƙalau, abin da ake ba shi ya ƙirga ne ya canza. Kuskuren kuwa ba abin rainawa ba ne ga akori-kura mai ɗaukar kaya, tunda da wannan lamba ake sanin lokacin juyen baƙin mai, da ita ake lissafin shan mai, da ita kuma mai saye zai yi ciniki.

Mataki na farko shi ne a auna kuskuren kafin a kwance ko da noti ɗaya. A mayar da ƙaramin malejin tafiya zuwa sifili, a kunna manhajar GPS a wayar hannu, a yi tafiyar aƙalla kilomita 10 a miƙaƙƙiyar hanya, sannan a kwatanta lambobin biyu. Ya kamata a maimaita gwajin sau biyu ko uku a rubuta sakamakon, a kuma lura da allurar gudu: tana tafiya daidai, ko tana tsalle, ko ta kwanta gaba ɗaya? Bambancin kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba matsala ba ne, domin cinyewar taya kaɗai tana iya jawo shi.

Idan kuskuren bai canza ba a kowane gwaji, to da wuya a ce wani abu ne ya lalace. Da farko a tabbatar ba mil motar take ƙirgawa ba, kamar yadda motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suke yi. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka tafiyar kilomita 10 za ta fito a matsayin 6.2, kuma a yawancin sababbin motoci ana sauya wannan daga maɓallan allon gaban direba.

Bayan haka sai taya, kuma a nan ne na fi son mai mota ya tsaya da kyau, domin masu akori-kura suna yawan sa manyan tayoyi don hanya mara kyau. A karanta lambar da ke jikin tayar a kwatanta da wadda ke kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Tayar 265/65 R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, ita kuwa 285/70 R17 ta kai kusan 831, wato ta ɗara da kashi 7 cikin ɗari. Babbar taya tana cin hanya mai yawa a kowane juyi, don haka idan motar ta yi kilomita 100 malejin zai nuna kusan 93, kuma man da ya kamata a juye a kilomita 10,000 sai ya kai kusan 10,700 yana aiki. Haka nan idan an taɓa sauya aksul ɗin baya da wanda haƙoransa suka bambanta da na asali, lissafin zai karkace a motar da ke ɗaukar awonta daga giyabos. Maganin shi ne a koma girman asali, ko a sa ƙwararre ya daidaita lissafin da kwamfuta idan motar tana karɓar hakan.

Idan kuwa kuskuren yana zuwa yana tafiya, ko maleji da allura sun mutu tare, sai a bi hanyar da saƙon gudu yake bi zuwa maleji. A fara da fis, domin shi ne mafi sauƙi. A tsofaffin motoci kebul ne yake tasowa daga giyabos zuwa bayan allon, yana iya tsinkewa ko bakinsa ya cinye. A sababbi sensar gudu ce a jikin giyabos, ko sensocin ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, waɗanda ke kusa da tayoyi. A cire soket ɗin a duba tsatsa da laka da wayar da ta goge, a share ɓurɓushin ƙarfen da ya manne a bakin sensar. Daga nan a jona na'urar bincike a kafar OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0500, idan na'urar ta nuna ta, tana nuni ga matsalar saƙon gudu, amma ba hujja ba ce cewa sensar kanta ta mutu, domin yankakkiyar waya ma tana fito da ita.

Idan allura tana aiki daidai amma lambobin sun tsaya cak, laifin yana cikin allon. A maleji mai lambobi masu juyawa yawanci wani ƙaramin haƙorin roba ne ya karye, kuma ana iya sauya shi kaɗai. A mai lambobin lantarki aikin mai gyaran wutar mota ne.

Idan ya zama dole a sauya allon baki ɗaya, a ɗauki hoton tsohuwar lambar, a rubuta ranar, a adana rasiɗin gyaran, domin a motoci da yawa allon da aka ciro daga wata mota yana zuwa da lissafin waccan motar. Rage lamba da gangan laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma haƙƙin mai saye ne a nuna masa waɗannan takardu ranar da za a sayar da motar.