Banjo mai wuyan gita: ɓarnar da sababbin hannu ke yi mata

Banjo mai tsirkiya 6 tana ruɗa mutum. Wuyanta na gita ne, kuma ana ɗaure ta yadda ake ɗaure gita: mi, la, re, sol, si, mi. Amma cikinta ganga ce, fata a kan da'ira mai faɗin kusan santimita 28. Ba yau aka ƙirƙiro ta ba. Da irinta Johnny St. Cyr ya yi wa shahararren mawaƙin jazz Louis Armstrong kiɗa a Amurka tun 1925, da ita kuma Django Reinhardt, gwanin gitar jazz na Faransa, ya fara kafin ya koma gita. Sai dai samarin da ke zuwa wurina koyo daga unguwannin Birni da Zango na Damagaram wuyan kaɗai suke gani, su ce ai gita ce. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Mu fara da jaki, ɗan itacen nan da tsirkiyoyi ke hawa. A gita manne yake. A nan ba a manne shi ba, danniyar tsirkiya ce ke riƙe da shi a kan fata, kamar na gurmi. Yaro zai kwance tsirkiyoyi shida lokaci guda, jaki ya faɗi, ya mai da shi inda idonsa ya ga dama, sannan ya wuni yana murɗa kunnuwa yana zagin kayan. Ka auna daga inda tsirkiya ta fara a saman wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan, ka sake auna daidai wannan tsawon zuwa ƙasa, nan ne mazaunin jaki. Idan ka danna gaɓa ta 12 ka ji murya ta yi sama fiye da kima, ja shi baya kaɗan. Ni da fensir nake zagaye ƙafafunsa, kuma ɗaya bayan ɗaya nake canza tsirkiya.

Maganar fata kuwa har yanzu tana ƙona mini rai. Yawancinsu da fatar roba suke zuwa, wadda ba ruwanta da laima. Tawa ta akuya na sa mata, don ta fi taushin murya, kuma a Damagaram ba a rasa majemi. Fatar dabba tana saki da damina, ta ɗaure kanta da rani. Na ara wa wani ɗan ƙanwata a watan Agusta, ya ji ta saki, ya samu makulli ya bi ƙugiyoyin nan na gefe ya ɗaure su tamau, bai faɗa mini ba. Hunturu na shigowa, wata safiya sai ga fata ta tsage tun daga ƙarƙashin jaki har baki. Da na tambaye shi sai ya ce, "Kawu, ni dai gyara na yi." Gyara! Sai da na koma neman fata, na jiƙa, na ɗora, na jira ta bushe, kuma har yau ban samu muryar ta farkon ba. Ku ji ni da kyau: kwatan zagaye ake murɗa kowace ƙugiya, kana gama ɗaya ka tsallaka zuwa wadda ke fuskantarta, ba ka bi su a jere ba. In buji ya fara tashi, ka sassauta tun ba ta roƙe ka ba. Wanda bai iya wannan ba ya haƙura da ta roba, babu kunya a ciki.

Sai duka. Ɗan gita ya saba ya share tsirkiyoyi shida da ƙarfi, muryar ta daɗe tana yawo. Fata ba ta riƙe murya haka, tana fita da kaifi ta mutu nan take, manyan tsirkiyoyi biyu na sama kuma su dagula sauran. Ni a huɗun ƙasa nake zama, da babban yatsa da manuni, ina taɓa manyan jefi-jefi. Wasu malamai ba za su yarda da ni ba, ruwansu. Abin da na lura shi ne mai gurmi ko molo ya fi ɗan gita saurin kama ta, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka haifi banjo a ƙetaren teku. Ku je ku saurari gurmin marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, ku ji yadda ake tsinkar murya ɗaya ɗaya ba tare da hayaniya ba.

In ƙarar ta yi yawa makwabta sun fara magana, cusa ɗan tsumma a ciki tsakanin fata da sandar da ta ratsa. Kada ka bar ta a rana ko a ɗakin kwano a watan Afrilu. Kada ka goya ta a kan moto ba jaka. Wayar birkin keke kuma ba tsirkiya ba ce a nan, tana cin jaki. Kafin ka aika a sayo maka tsirkiya, duba ƙarfen da ke riƙe su a ƙasa: wani mai ɗan ƙwallo a baki yake karɓa, wani kuma mai zarge.