Yadda ake noman alkamar sifelt

Sifelt tsohuwar dangin alkama ce mai son sanyi, an fi nomanta a Turai, musamman kudancin Jamus.

1. A yanayin Turai, ka shuka ta wajajen Oktoba, zurfin santimita 4 zuwa 5. Ka bar iri da ƙaiƙayinsa, shi ke kare ƙwayar a ƙasa mai damshi.

2. Ka sassauta hannu wajen taki. Nan ne abin kula: karan sifelt dogo ne, in taki ya yi yawa sai ya kwanta da zarar iska ta kaɗa.

3. Ka girbe a ƙarshen Yuli ko Agusta, in zangarniya ta bushe ƙayau.

4. Sussuka ba ta raba ƙwayar da ƙaiƙayi, sai da injin ɓarewa. Ka adana ta haka, ta fi daɗewa, kana ɓarewa gwargwadon buƙata.